Maganin bairos ya tafi da muryar Inna

'Yan uwa, yau da hannuna na goge muryar mahaifiyata!

Kun san Inna ta rasu da azumi. Bidiyonta ɗaya gare ni, na ranar sunan 'yata Hanifa, tana yi mata waƙa. Yana cikin memorin da nake kaiwa masu tura fim. Jiya na sa shi a kwamfutar Baban Hanifa, duk ta rikice.

Da safe ya ce, "Bairos kika kwaso mana. Maganinsa kala biyu ne, wanne zan sa?" Na ce mai ƙarfin. Ya sa, ya tafi aiki Ajingi.

Can sai rubutun Turanci ya fito, ga wurin dannawa ja ga kore. Na danna koren, tunda a waya shi ne amsawa. Memori wayam!

Na goya Hanifa sai Gaya wajen mai gyaran kwamfuta. Mai gyara ya ce, "Hajiya, share duka kika danna. Sai haƙuri."

Na kira Yaya Sadiya a Toranke, ita ta ɗauki bidiyon. Wai wayar ta faɗa rijiya tun damina!

Don Allah duk wadda ta zo sunan nan ta duba wayarta. Ko bayan Inna aka ɗauka, ina so.