Gyara Ga Abin Da Lawandi Ya Rubuta Game Da Jinyata

Assalamu alaikum. Wata biyar ban rubuta komai a nan ba, kuma da Lawandi, ɗan ƙanwata, ya kama kansa, da har yanzu ina shiru.

Ya wallafa hotona, ya ce na faɗi a kasuwar Gwiwa saboda sukari, wai jiƙon da yake sayarwa ne ya tashe ni. Ƙarya uku a layi biyu. Ban faɗi ba. Rabona da Gwiwa shekara huɗu. Jiƙonsa kuwa yana nan bayan ƙofa, ko murfin ban buɗe ba.

Ga yadda aka yi.

Shekara goma sha ɗaya ina da ciwon sukari. Kowace safiya nakan auna in rubuta a littafi, kamar yadda na riƙe rajistar ɗalibai har na yi ritaya. Sau biyu likita a nan Kazaure ya ce in yi awon zuciya, sau biyu na ƙi. Hujjata: ƙirjina ba ya ciwo.

A zuwa na uku na tarar da wata likita, sa'ar 'yata. Na miƙa mata littafin ina jiran yabo. Sai ta bar lambobin, ta karanta gefen shafi, inda nake rubuta mintin da nake ɗauka daga gida zuwa masallaci. Bakwai a da. Sannan tara. Sannan goma sha biyu, da tsayawa sau biyu a gindin dutse.

"Baba, me ke tsayar da kai?"

"Shekaru."

"Shekaru ba sa yin wannan a wata uku. Sukari yana iya kashe jijiyar da ke sa a ji ciwo. Zuciya na wahala, mai ita bai sani ba."

Na ji haushinta, ban kuma ɓoye ba.

Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka tura ni Kano. Can hoton zuciya ya nuna jijiyar jini ɗaya ta kusa toshewa. Aka zura siririn bututu ta hannuna aka buɗe ta, idona biyu, ina jin tsoron da ban taɓa ji ba. Gonata ta Roni ta tafi a wannan jinya.

Hajiya, maiɗakina, ta ce, "Malam, ka rubuta komai, amma ba ka karanta ba."

Yanzu minti takwas ne zuwa masallaci. Alhamdu lillahi. Ina gode wa likitar da na yi wa rashin kyautawa, da Hajiya, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Abin da ya fito da ni shi ne Alhaji Sule na Babura, abokina tun kwalejin horon malamai. Shi ma yana da sukari, an ba shi ranar awon zuciya. Ya karanta ƙaryar Lawandi, ya fasa, ya sayi jiƙon jarka biyu. Jiya a waya ya ce mini, "Ai kai ma da shi ka warke."

Lawandi, kada ka zo gaishe ni sai ka goge abin da ka rubuta.

Mai sukari, kada ka jira ciwon ƙirji. Nemi awon zuciya, na hawan jini da na kitsen jini. Tafiyar da ka saba in ta fara tsayar da kai, gaya wa likita.

Na haɗa da hotuna huɗu:

1. Shafin littafina, da gefensa.
2. Takardar awon zuciyata.
3. Jarkar Lawandi, a rufe.
4. Sabon katin ganin likita da sunan Sule. Litinin ce, Alhaji. Zan iso ƙofarka da ƙarfe bakwai, kuma ka san ba na makara.