Maharba Huɗu a Bakin Gulbi

A gidanmu na Gaya, in ɗari ya shigo, ana idar da sallar isha'i sai Kaka ta ja tabarmarta kusa da murhu, inda tukunyar muruci take tafasa, mu zagaye ta. Mu huɗu ne: yayana Idi, da ni Abu, da tagwayen baffanmu, Hasana da Usaini. Kaka Badendiya ce. Da Hausa take ba mu tatsuniya, amma in muka ba ta haushi sai Hausar ta tsere, Dendancin ya fito.

Tatsuniyarta ba irin ta kowa ba ce, don ba ta yarda mu zauna baki buɗe muna saurare kawai. Takan ce, "Ga ta nan ta biyo gulbi, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne!" Sai ta raba mana mutanen da ke ciki: wannan maharbi, wannan maƙeri, wannan mai magani, wannan Basarke mai kwalekwale. In labari ya cije, sai ta dubi ɗayanmu ta ce, "To, kai me za ka yi?" Abin da ka faɗa, shi za ta saƙa a cikin labarin.

Idi ne ya kusa kashe mana wannan zama. Shi ne babba, shi ne ɗan lelen Kaka, "maigidana" take ce masa. Kullum maharbi yake ɗauka, kuma kowace rana sai maharbin ya ƙaro wani abu. Yau kibiyarsa ba ta kuskure. Gobe yana da layar zana. Jibi ƙarfe ba ya cin jikinsa. Kafin Kaka ta rufe baki da cewa "sai ga dodo", Idi ya ce, "Na harbe shi." Muruci bai nuna ba, labari ya ƙare. Ni da nake Basarkiya na daɗe ban ko kwance kwalekwalena ba.

Usaini ne ya fara janyewa. Ya ce, "Maƙerina ya gaji da riƙe wa maharbi jaka." Ya koma gidan maƙwabta masu rediyo, Hasana ta bi shi. Da Kaka ta ga haka, sai wata rana ta ce gara ta cinye bakan maharbi. Idi ya miƙe, idonsa ya ciko, ya ce, "Kaka, kin yi rinto!" Shi ma ya daina zuwa. Ya rage ni kaɗai da ita, tana iza wuta kamar mai jiran taro. Ta ce, "Abu, na karya wa maigidana abinsa, kuma ban gyara kome ba."

Ta yi ƴan kwanaki tana tunani, sannan ta aike ni. "Je ki ce musu yau kowa maharbi ne, kowa da layarsa." Duka suka zo da gudu.

Ta ce wani aljani ne na tsibiri ya kwashe irin shinkafar gari kaf, ga damina ta gabato, sai maharba huɗu suka fita nemansa. A hanya kura ta fito, muka harbe. Zaki ya fito, muka harbe, muna ihu muna rige-rige. Har muka iso bakin gulbi. Ruwa ya cika ya tumbatsa, ga tsibiri can tsakiya, ga wani kwalekwale ɗaure ba mai shi. Nan Kaka ta ɗauki muruci tana ɓarewa.

"Kaka, sai aka yi yaya?"

"Ni ma ku nake jira."

Idi ya ce, "Na ja bakana."

"Harbi ruwan mana, maigida. Kibiyarka ba ta kuskure. To, ta same shi. Sai me?"

Usaini ya ce, "Mun shiga kwalekwale."

"Kun shiga. Wa ya san tuƙi? Ya yi ta juyi da ku, ya kife, kun fito kuna tari."

Hasana ta ce, "Mun ɗaura layar zana."

"Kun ɓace, ɗiyata. Gulbi bai gan ku ba, kuma yana nan inda yake."

Sai na ce, "Ni dai na ajiye baka, na koma Basarkiya."

Kaka ta ce, "Madalla. Amma daga yau, duk wanda na ba abu a hannun dama, sai ya bar mini wani a hannun hagu. Me Basarkiya ba ta iyawa?"

Na ce a tudu ba ta da sauri, kuma ba ta san harbi ba. Usaini ya ce maƙerinsa ba ƙofar da ba ya fasawa, amma ƙarar gudumarsa tana tada mai barci. Hasana ta ce mai maganinta tana warkar da kowa, amma ba ta zubar da jini ko na kaza.

Saura Idi. Kaka ta ce, "Maigida, wancan karon ni na ƙwace. Wannan karon kai za ka zaɓa."

Ya zuba wa wuta ido. Mun zaci zai sake tashi, in kuwa ya tashi mun san zaman ya mutu ke nan. Can sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Maharbina yana tsoron ruwa."

Ba wanda ya yi dariya. Dukanmu mun san Idi, ɗan bakin gulbi, bai taɓa shiga wanka da sa'o'insa ba. Kullum sai ya ce an aike shi. Amma bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Kaka ba ta ko dube shi ba, ni ta duba. Ta ce, "Basarkiya, ga mutuminki nan. Ki tuƙa a hankali."

Na tuƙa. A tsakiyar ruwa dorina ta tada igiyar ruwa, maharbi ya kwanta a cikin kwalekwale ya rufe ido, na bi ta cikin ciyawa na kauce. A tsibiri muka tarar da ƙofar ƙarfe, maƙeri ya fasa. Ƙarar ta tada kurar aljani, kibiyar Idi ta same ta, kuma ranar nan mun yi masa tafi da zuciya ɗaya. Maciji ya sari maƙeri, Hasana ta ɗaure ta tsotse dafin. Muka dawo da iri a ka, muruci ya huce a gabanmu ba wanda ya tuna da shi. Kaka ta ce, "Na ɗaure ta a gindin giginya, kowa ya tafi ya kwanta."

Yanzu ni ce kakar. Jikana Mamman, wanda ke lise, wato babbar sakandare, yakan tara abokansa da la'asar a gindin mangwaro, da ƴan takardu da ɗan jefawa mai ɗigo-ɗigo irin na wasan lido. Wannan mayaƙi, wannan ɓarawo, wannan mai sihiri, Mamman ne mai jan labarin. Kwanan baya na ji su suna cacar baki, wai mai sihiri ya fi kowa ƙarfi, sauran sun zama ƴan kallo. Mamman ya ce zai rage masa, mai shi ya tattara takardunsa zai tafi. Na ce, "Mamman, bar masa sihirinsa. Sa musu gulbi a hanya. Sannan ka tambaye shi, shi da kansa, me mutuminsa ba ya iyawa." Suka dube ni kamar akuya ce ta yi magana, amma yaron ya zauna.

Na daɗe ina zaton rabo daidai Kaka take koya mana, kada wani ya fi wani. Da na tsufa na gane ba haka ba ne, don maharbi bai daina fin mu ƙarfi ba. Abin da ta nema shi ne kada mutum ɗaya ya iya ƙare labari shi kaɗai, kuma mai ƙarfi ya samu ƙofar da zai faɗi rashinsa ba tare da an kunyata shi ba.

Idi ya girma ya zama direban kamiyo, babbar motar kaya, ba hanyar da ta ba shi tsoro. Amma har Allah ya karɓi abinsa, in sha'anin dangi ya taso a tsibiri, sai ya tsaya a bakin gaɓa da farin gemunsa, ya ce da ƙarfi a gaban masu kwalekwale, "Ni fa tsoron ruwa nake yi. Ku ba ni wuri kusa da ƙanwata."