Kircin da Ban San Na Yi Ba

Shekarata ta uku a Guangzhou aka zaɓe ni cikin waɗanda za su shiga ɗakin binciken da ake aiki da ƙwayoyin cuta 'yan uwan agana. Dominsa na bar Kano, dominsa na jure cin shinkafa ba mai ba yaji. Sharaɗi ɗaya ya rage: sai an yi wa kowa lambar rigakafin agana, kuma kafin lambar sai likita ya tantance mutum.

Likitar wata dattijuwa ce marar gaggawa. Ta duba wuyana, ta juya hannayena, ta leƙa bayan gwiwoyina. Fata sumul. Sai ta tambaya ko na taɓa yin kirci, ciwon fatar nan mai ƙaiƙayi da saɓa, ko da ina jaririya. Na ce meyo, wato babu a yarensu. Ta ce ba ni za a tambaya ba, in tambayi wadda ta haife ni, don wanda ya taɓa yinsa, ko ya warke, lambar na iya bazuwa a jikinsa har ta kashe shi.

Nan gizo ke saƙa. Ni 'yar fari ce, kuma mahaifiyata mai alkunya ce ta gaske. Yaya nake ce mata. Ba ta kama sunana, ba ta zancena a gaban mutane, ko yabona aka yi sai ta tashi ta shiga madafa. Kakata ce ta san labarin ƙuruciyata, ita kuwa ƙasa ta rufe mata ido.

Da la'asar na kira ta a waya, su can gida suna hantsi. Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na tambaya. Wautata ta sa na gaya mata har abin da amsar za ta jawo, ina jin ko za ta ce babu mu huta. Ta cikin wayar ina jin kukan akuyar maƙwabta.

“Yarinyar ta yi,” in ji ta. “Tun tana wata huɗu har aka yaye ta. Tsumma nake naɗa mata a hannu don kar ta yage fuskarta. In mutane sun fita nake ɗaukarta.”

Ban taɓa sanin ta ɗauke ni ba. Na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata, rabi na aikin da na ga ya kuɓuce, rabi na wannan maganar.

Washegari na gaya wa likitar. Ta yi min godiya, abin da ya ƙara ɓata min rai. Aka ba wani gurbina, ni aka mai da ni wani sashe inda babu abin da zai taɓa ni sai gajiya. Kullum ta gaban ƙofar ɗakin nake wucewa.

Bayan wata biyu wani Alhaji ɗan unguwarmu, mai sarin kaya a kasuwar Tianxiu, ya kira ya ce ina da saƙo daga gida. Na je na same shi a tsakiyar kwalaye, ya miƙo min ƙaramar roba ɗaure da leda. Man kaɗanya ne.

“Hajiya mahaifiyarki ta ce ki riƙa shafawa safe da yamma,” in ji shi. “Ta ce in ya kama jikinki, ki koma su sake dubawa, ko Allah zai sa su ɗauke ki.”