Ranar da Aka Yashe Rijiyar Gulma

A duk tarihin taimakon al'umma a ƙasar Kabi babu aikin da ya kai yasar rijiyar Gulma daraja, kuma ina da ikon faɗar haka, domin ni kaɗai na ga aikin daga ƙasa. An yi shi wata Asabar cikin bazarar shekarar da na shiga aji biyar, lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Sakkwato. Da hantsi aka loda mu a bayan akori-kura: iyayenmu maza cikin fararen riguna da korayen huluna, kowa ya rungume shebur kamar jariri, mu 'ya'yansu kuma a tsugune tsakanin kwanduna da igiyoyi.

Ƙungiyar su mahaifina ta zumunta ce. Malaman makaranta ne da akawuna, da malamin gona guda, suna kiran juna ɗan'uwa, mahaifina ne magatakarda. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata suna da aikin gayya: su nome maƙabarta, ko su yashe lambatu kafin ruwa ya sauka, ko su shafe ajujuwa da farar ƙasa. Mu yara muna son ranar, don tana raba mu da yankan ciyawar tumaki, kuma in an tashi akwai fura da wasan langa. Niyyarsu kyakkyawa ce ƙwarai. Gwanintarsu ce dai ba ta taɓa kamo niyyar ba.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Manu, mutumin Gulma ne, rijiyar kuma ta unguwarsu ce. Shekarar da ta gabata 'yan ƙungiyar da kansu suka ɗaure mata baki da siminti don kada awaki su faɗa, suka tsuke shi sosai. Ranar yasa, bayan an kwashe ruwan da guga, Alhaji Manu ya tuɓe riga ya zura ƙafa, ya tsaya cak a ƙugu. Aka gwada akawu, aka gwada malamin gona, kowa rijiya ta maido shi. Sai na ga idanu suna bin layin yara ɗaya bayan ɗaya. Duk cikinmu ni na fi rama.

Mahaifina bai ce a'a ba, domin magatakarda ba ya hana ɗansa abin da ya sha yi wa jama'a wa'azi a kai. Shi ya ɗaura mini igiya a ƙirji, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ya sunkuyo daidai kunnena ya ce, "Sahabi, kada ka dubi bisa, kada ka dubi ƙasa. Kuma kada innarka ta ji." Ƙanensa, Baffa Bala, aka bai wa riƙon igiya.

Tun kafin in kai rabi zafin bazara ya ɓace, wani sanyi mai warin laka ya rufe ni. Duk abin da kakata ta taɓa faɗa a kan masu zama cikin rijiya ya dawo mini, har da waɗanda ba a ambaton sunansu. Bangon cike yake da tsagogi, kowane tsago daidai zaman maciji. Da ƙafata ta nutse cikin laka na karya umarnin farko, na dubi sama. Duniya gaba ɗaya ta koma kamar faifai, da kawuna masu korayen huluna kewaye da shi. Aikina in cika bokiti da laka, in girgiza igiyarsa, a ja. Na tura laka, na tura tsofaffin gugogi, da takalmi wari guda, da murfin kwano, kowanne ya isa sama sai in ji an yi kabbara.

Can sai bokiti ya hau bai dawo ba. Na ji ƙarar babur, kawunan suka janye, igiyar ƙirjina ta yi sako-sako. Na jira. A nan na lura aikina ya yi kyau fiye da yadda nake so: lakar da na kwashe ita ta toshe idon rijiyar, yanzu ya buɗe. Ruwan da ke idon sawuna ya kai ƙwauri, ya kai gwiwa. Na kira Baba, rijiya ta maido mini da muryata. Na kira Baffa, haka. Sai wani abu mai santsi ya goge ni a ƙafa, ya wuce, ya dawo. Na kama karatu, amma duk surar da na ɗauko sai ta zarce cikin wata. Na gwada hawa igiya, hannuna duk laka, na sulluɓo na sha ruwa. Da ruwan ya wuce cibiya na daina kira, na manne da bango, ina tunanin yadda za su yi su koma gida ba tare da ni ba, kuma innata ba ta ji ba.

Abin da ya faru a sama daga baya na ji shi. Mai hoto ne ya iso daga Argungu, yana sauri zai wuce wajen suna. A al'adar ƙungiyar kuwa aiki bai zama aiki ba sai an ɗauki hoto, kowa da hularsa. Baffa Bala ya ɗaure igiyata a gwafar rijiya, a ransa yanzu zai dawo. Mahaifina ya ga hannun ƙanensa babu igiya, ya ɗauka an fito da ni. Sai gardama ta tashi a kan wanda zai zauna benci da wanda zai tsaya baya, mahaifina yana jera mutane bisa shekarunsu na shiga ƙungiya. Sai da mai hoto ya tsugunar da yara a gaba ya danna, sannan mahaifina ya dubi layin yaran da kyau.

Muryarsa kam ta iso ni har ƙasa: "Wa munka bari ga igiya?"

Gaba ɗayansu suka kama suka ja lokaci guda, simintinsu ya saɓule mini fatar kafaɗa, tabon yana nan. Kafin a ja ni ruwan ya riga ya kai ƙirjina. Mahaifina ya ɗauke ni ya rungume da laka da komai, ina jin zuciyarsa ta fi tawa gudu. Abin mai santsi ashe tarwaɗa ce, mutanen unguwar suka saka don ta cinye tsutsotsi. Alhaji Manu ya yi jawabi, ya kira ni jarumi ina karkarwa. Innata kuwa rigar mahaifina kawai ta duba a ƙofar gida, ba ta sake yi masa magana ba sai da aka yi shuka.

Yanzu yawancin mutanen nan suna kwance a maƙabartar da suka sha nomewa. An rufe rijiyoyi, ruwa ya koma leda, ƙungiyoyi sun koma cikin waya, lambatu kuma ya cika ya tumbatsa kowa yana jiran gwamnati. Har yau ba na leƙa rijiya, amma ina kewar mutanen da ba su iya aiki ba, suka fito suka yi shi. Hoton yana rataye a ɗakina a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, kowa ya fito fes, har direban akori-kura. Ni igiyata ce kawai ta fito.