Maƙerin da Ya Fasa Bindigarsa Don Fuskar Ƙanena

Ni na fara gane darajar wannan bawan Allah, tun mutane suna ce masa mai nawa. Ban yi makaranta ba, amma shekara tamanin ba wasa ba ce. Maciji ya sare ni na tashi, mota ta kife da ni na fito da ƙafata. In na ce mutum ya iya aiki, to ya iya.

Mai Awo muke ce masa, don ba ya taɓa ƙarfe sai ya auna. Shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran bindigogin manoma a ɗan shagonsa mai taga ɗaya. Da safe ya share, ya shimfiɗa tsumman mai a kan benci, ya jera zarto da awartaki, sannan ya ɗaga bututun bindiga wajen hasken ƙofa ya leƙa kamar mai duba idon jariri. In ba ka zo da lasisi ba, a tsaye gaisuwarku za ta ƙare. Yanzu ido ya yi rauni, ya ce ƙarshen wata zai rufe shagon.

Wata damina aladun daji suka addabi masarar ƙanena, abincin gidansa na shekara. Bindigarsa ta gadon babanmu ce, mai cin harsashi ɗaya. Gajeren harsashin da take ci ya ɓace a kasuwa, dogo kuwa ga shi nan tuli, kaurinsu ɗaya. Na raka shi shago.

"Baba Mai Awo, ɗan ƙara wa mazaunin harsashin zurfi kawai, dogon ya shige," in ji ƙanena.

Ya auna ciki, ya auna waje, ya taɓa makullin da ke riƙe bututun. Sannan ya ɗago ya dubi ƙanena.

"Ɗan'uwa, kaurinsu ɗaya, amma fushinsu ba ɗaya ba. Akwai bindigar da za ta ɗauka, mai naman ƙarfe. Wannan ba ta ciki. Makullin nan kuma dab da kuncinka yake kwana."

"Tsoro ne ko tsufa? In ba ka iyawa, mai walda na bakin tasha zai yi min kafin la'asar."

Na ga maganar ta soke shi. Ba zagin ne ya dame shi ba, mai waldar ne. Ya san ƙanena zai je. Sai ya miƙe ya sauko da wata bindiga daga bango, irin tamu sak, wadda ubangidansa ya ba shi ranar da ya yaye shi. Ya shafa ta, ya ce mu dawo jibi.

Jibin ya kai mu wani fili bayan gari. Ya riga ya yi wa tasa aikin da ƙanena ya nema. Ya ɗaure ta a jikin bishiya, ya zura mata dogon harsashi, ya sa wa kunamar doguwar igiya, muka laɓe bayan tudu. Ya ja. Lafiya lau. Ya sake. Lafiya lau.

"Yaya, ka gani? Tsohon nan ya ɓata mana kwana biyu a banza!"

"Mai waldarka ma a nan zai tsaya," in ji Mai Awo. "Ni ban tsaya ba."

A harbi na bakwai makullin ya tarwatse. Wani ɓallin ƙarfe ya nutse cikin bishiyar, daidai inda fuskar mai harbi za ta kasance. Ƙanena, sarkin surutu, ya zauna a ƙasa yana shafa kuncinsa. Mai Awo kuwa ya durƙusa yana tsince gutsattsarin kyautar ubangidansa, yana zubawa cikin hularsa. Bai ce "na faɗa maka" ba. Washegari ya hau keke ya bi tsoffin maharba gida gida, ya samo gajerun harsasai goma sha biyu. Masara ta shiga rumbu.

Kai ne, Mai Awo, ka fasa naka don na wani ya tsira. Kai ne mai "a'a" da ta fi "to" ɗin wasu albarka. Ƙanena ya ga auren 'ya'yansa da idanunsa biyu. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi. Ku masu sana'a, ku koyi hana mutum abin da zai kashe shi, ko da zai zage ku.

Wanda ya ce tsoho ya ƙara gishiri, ya zo na kai shi. Ƙarfen yana nan cikin bishiyar. Ya kafa kuncinsa a wurin, ya dube ni, ya sake cewa ƙarya nake.