Ranar da Fistol Ta Ƙi Tashi a Layi na Shida

Shekarun baya, kafin in yi ritaya, aikina shi ne koya wa sababbin ma'aikatan wata hukumar tsaro riƙon fistol a nan Bauchi. Filin harbinmu yana bayan gari, ta wajen Gubi. Fili ne fetal, sai tudun jar ƙasa da buhunan yashi a gaba inda harsashi ke nutsewa, sai rumfar kwano a baya inda masu jiran layi ke zama.

A lokacin ina ji da kaina sosai. Ina da murya, kuma na ɗauka tsawa ita ce rabin koyarwa. Ban ma san sunayen ɗalibaina ba, da lambar layi nake kiransu.

Akwai wani aji da muka yi mako uku da su da bindiga ba harsashi. Kullum magana ɗaya: kowace bindiga a ɗauka da harsashi a cikinta, bakinta ya kalli tudu, yatsa kada ya taɓa kunama sai an yi niyyar harbi. Idan wani abu ya faru, ka tsaya yadda kake, ka ɗaga hannun hagu, malami zai zo.

Ranar farko ta harbi da harsashin gaske ta faɗo cikin bazara, tun ƙarfe tara rana ta fara dukan ƙeya. A layi na shida akwai wata mata daga Ƙofar Wambai, uwar 'ya'ya biyu, wadda ta yi shekaru tana aikin ofis kafin a turo ta. Ba ta da surutu, kuma ta fi kowa kiyaye doka. Kafin a fara ta ɗaga hannu, ta ce tafinta na gumi, a ba ta dama ta goge.

Na ce da ƙarfi, "Lamba shida, ɗan fashi ma zai jira ki goge hannu ko? In kawo miki hoda?"

Aka kwashe da dariya har cikin rumfa. Ta sunkuyar da kai, ni kuwa na ji daɗin kaina.

A zagaye na biyu kowa na harbi, ina tafiya a bayansu, sai na lura layi na shida ya yi shiru. Ta ja kunama, bindigar ta ce ƙas, ba ta tashi ba. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta ɗan girgiza bindigar, ta leƙa gefenta, sannan ta juyo gaba ɗaya tana nemana, hannayenta biyu na biye da ita.

Bakin fistol ya tsaya a kan cikina. Tsakaninmu bai fi taku huɗu ba, yatsanta kuma yana kan kunama. A bayana mutum kusan ashirin ne zaune a rumfa.

Abokin aikina, wanda muke koyarwa tare, ya busa usur, harbi ya tsaya. Na hango shi ta gefen ido yana shirin yin tsalle a kanta. Na buɗe masa tafin hannu a ƙasa, alamar kada ya motsa. Na san irin wannan fistol: idan aka sake jan kunama, tana sake dukan harsashin da ya ƙi tashi. Firgita kaɗan ta isa yatsa ya matse. Tsawar da na saba da ita ta zo har maƙogwarona, na haɗiye ta.

"Yallaɓai, ta ƙi..." ta fara faɗa. Sai idonta ya sauka kan hannunta, ta ga inda bakin yake kallo.

Na ce, "Ƙanwata, kalle ni. Kar ki kalli bindigar, ni za ki kalla."

Da abin toshe kunne a kanta, ban san ko tana jina ba, don haka na riƙa buɗe baki sosai ina magana a hankali.

"Ba abin da ya faru. Miƙe yatsanki waje."

"Ya ƙi," ta ce. "Wallahi ya ƙi fita."

"To bar shi yadda yake, kar ki matsa. Ƙafarki za ki motsa. Juya wajen tudu, kaɗan-kaɗan."

Ta wancan gefen layinta ne na ƙarshe, ba kowa, can na nuna mata. Ta ja ƙafa ɗaya. Bakin bindigar ya bar cibiyata, ya bi ta haƙarƙarina, ya wuce hannun rigata. Ban taɓa jin filin nan ya yi tsit haka ba, har kukan shanun da ke kiwo can nesa ina ji. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ta shiga kasuwa ce.

Da bakin ya kalli tudu na tako ta bayanta, na ɗora hannuna a kan nata, na zare yatsan. Muka jira kamar rabin minti, ko harsashin zai tashi a makare. Sannan na karɓi bindigar, na cire gidan harsashi, na fitar da na cikin. Ya faɗo ƙasa da ɗan tabon duka a gindinsa.

Ni da ake tsoro, sai ga ni zaune daɓas a kan akwatin harsasai. Aka miƙo min ruwan leda, na kasa huda shi da haƙori, sai abokina ne ya huda min.

Da na dawo hayyacina na tambaye ta, "Me ya hana ki ɗaga hannu?"

Ta share hawaye da bakin hijabinta ta ce, "Yallaɓai, da safe na ɗaga."



Bayan an sallami kowa, abokina ya ce bari mu gani ko harsashin matacce ne. Ya sa shi a wata fistol, ya saita tudu, ya ja. Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Malam, ka je ka yi sadaka."

A ƙa'ida, wanda ya juya bindiga kan mutane korarsa ake yi daga ajin. Na rubuta rahoto na faɗi abin da ta yi, na kuma rubuta abin da ni na yi da safe, kalma da kalma, har da maganar hoda. Shugabanmu ya wanke ni tas a ofishinsa, ita kuma aka ce ta koma mako guda da bindiga ba harsashi. Ta koma, ta gama, ta ci jarrabawarta ba da taimakon kowa ba.

Abin da na gane shi ne, mai koyo da ya ji tsoron malaminsa fiye da bindigar da ke hannunsa, shi ne mafi haɗari a fili, kuma malamin ne ya mai da shi haka. Daga ranar na rage murya, na fara haddace sunaye.

Bara na haɗu da ita a bakin wani kanti, ta zama babbar jami'a. Ba wanda ya ɗauko zancen a cikinmu. Ta rusuna ta ce, "Baba, ya iyali? Ya ƙarfin jiki?"

Na ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi." Ta dube ni, ta ce, "Alhamdulillahi," har sau biyu.