Wasan Jirgi da Tukunyar Iri

Ina yaro akwai wani mutum a kasuwar Isa mai rumfar zana, da tsohuwar talabijin da ɗan janareto mai yawan tari. A nan na fara ganin wasan jirgi. Ɗan jirginka yana can ƙasa, duniya tana ta zamewa a ƙarƙashinsa, jiragen abokan gaba suna gangarowa daga sama jere-jere, kai kuwa sai harbi da kauce-kauce. Rai uku ake ba ka. In sun ƙare sai komawa farko, ko da saura ƙiris ka ƙure wasan. A rumfar nan Baba ya taɓa kamo ni ta kunne ranar da ya aike ni sayen gishiri, har yau in na tuna sai na shafa wurin.

Shekaru suka ja, na tafi Sakkwato aiki. Wata damina da ruwa ya yi wa yankinmu rowa na zo gida da babbar waya, a cikinta kuwa ga wasan nan an sabunta shi. Gaskiya waɗanda suka yi aikin sun iya, Allah ya yi musu albarka ko su wane ne. Yanzu har inuwar gajimare kana gani tana tafiya a kan koguna, jirginka in ya kauce sai fiffikensa ya karkata, wanda ka harba ya faɗi yana hayaƙi. Amma abin da ya fi burge ni, ba su taɓa ƙashin wasan ba. Jiragen da ke fitowa ta hagu a da, ta hagun suke fitowa har yanzu. Abu ɗaya suka ƙara: in ranka ya ƙare, sai a tambaye ka ko za ka ci gaba daga inda ka faɗi.

Na tarar da gida ba daɗi. Baba ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, aka yi yayyafi, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ya sake shuka, ta sake ƙonewa. Abin da ya rage sai tukunya ɗaya a ɗakin Inna, an gauraya geron ciki da toka an liƙe bakinta da laka. Irin kakanmu ne, gajeren gero mai saurin nuna, wanda furarsa ko ba nono sai ka sha ka ƙara. In aka shuka shi ya ƙone, shi ke nan, ya ƙare a gidanmu. Na ce wa Baba ya bar tukunyar sai baɗi, ni zan riƙa aiko da hatsi. Ko kallona bai yi ba.

Ba aikin gona, sai zaman gindin bedi, wato itacen dogon yaro. Wata rana da hantsi ina ta danne-danne Baba ya ce, "Kai, mi kaka latsa haka tun ɗazu?"

"Baba, wasan nan ne da ka ja min kunne a kansa."

"Kawo in ga abin da yac ci min gishiri."

Babban yatsansa duk kanta ce ta fartanya, wani lokaci ma gilashin wayar ba ya jin taɓinsa. Kafin ka ce kwabo rai uku sun tafi. Na miƙa hannu na nuna masa inda zai danna ya ci gaba, sai ya ture min yatsa.

"A'a. Maishe ni hwarko."

Haka muka yi ta yi. Kullum in kai wayar caji kasuwa, in dawo in tarar yana jira kamar ba shi ya ja kunnen ba. Tsofaffin unguwa waɗanda fari ya zaunar suka fara kewaye shi, kowa da shawararsa, alhali ba wanda ya taɓa riƙe abin. Shi kuwa ya fara haddace hanya. Sai ka ji yana cewa, "Yanzu ukku za su hito ta nan," su kuwa fito, ya tare su tun kafin su baje. Bai taɓa danna ci gaba ba ko sau ɗaya. Da na tambaye shi dalili ya ce wanda ya tashi daga inda ya faɗi bai san hanyar da ta kai shi wurin ba. Ranar da ya kakkaɓo ƙaton jirgin ƙarshe da rai ɗaya tak a hannunsa, wani tsoho har kabbara ya yi. Ni da nake wuce wurin da ci gaba a kan ci gaba, sai na ji ƙirjina ya cika da alfahari da mahaifina.

Bayan 'yan kwanaki hadari ya haɗo, aka yi ruwa wanda bai kai ya kawo ba. Da safe na ji ƙarar fasa laka a ɗakin Inna. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Baba, wannan fa ba wasan jirgi ba ne. In ya tafi ba mai mayar da mu farko."

"Irin da ba a shuka ba abincin ƙwari na," in ji shi, ya saɓi sungumi ya fita.

Duka ya shuka. Geron ya tsiro kore shar, ya kai gwiwa, sama ta ɗauke. Na tsaya a bakin gona ina kallon ganyen yana nannaɗewa, na yi kuka, ba na ɓoyewa. Na koma Sakkwato ina fushi da shi, na daɗe ban buɗe wasan ba.

Da damina ta kewayo na zo da irin zamani a buhu. Ina sauke shi sai ga mashin ya tsaya a ƙofar gida, Gwaggo ta sauko, ƙanwar Baba da ke aure a Gangara, da ƙwarya ƙunshe cikin zane. A gidanmu duk 'yar da za a kai ɗakinta sai an auna mata irin nan a cikin kayanta, kuma duk wanda ya roƙa ba a hana shi. Na san al'adar, na ɗauka dai ado ce irin ta biki. Ashe gonar su Gwaggo da ke kusa da fadama ta tsira.

Ta ajiye ƙwaryar a gabansa ta ce, "Yaya, ga abinku ya dawo gida."

Baba ya tsoma hannu a ciki, ya daɗe bai fitar ba. Na ce, "To da ma ka san da wannan ka shuka duka?"

"Ban san nata ya tsira ba. Na dai san ban taɓa aje shi wuri guda ba."

Har yau ina ganin ya yi kasada, kuma na faɗa masa. Dariya kawai ya yi, ya ɗebi cikin tafi, ya ƙulle a tsumma ya danƙa min. Na ce ai ni ba ni da gona a birni.

"Ko bayan ɗakinka na, shuka shi."

Baba ya rasu yanzu. Wasan yana nan a wayata, in na faɗi farko nake komawa. Geron kuma yana bayan ɗakina, layi biyu kusa da famfo, bana ma na auna wa 'yata nata.